Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa masana kan gano haɗarin sinadari mai fashewa da 'yar ƙwayar da ba ta kai nauyin gero biyu ko uku ba? Miligram kaɗan suke zubawa a wani ɗan mitsitsin kasko na alminiyam, su ajiye wani kaskon wanda babu komai a ciki kusa da shi, sai wata na'ura da ake kira DSC ta riƙa ƙara musu zafi a hankali, galibi digiri 10 a minti ɗaya. Duk lokacin da sinadarin ya sha zafi ko ya fitar da shi, na'urar za ta zana layi. Wasu masana biyu, Watson da O'Neill, ne suka ƙirƙiro ta a Amurka a 1962.

Ɗauki amoniyam naitret, wanda ake takin zamani da shi. Yana narkewa a wajen digiri 170, ya fara rugujewa idan zafin ya haura 200. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tun a digiri 32 ƙwayoyinsa ke sauya siffa, su kumbura, su tsattsage. Zafin rana kaɗai ya isa.

Wannan sinadari ne, kimanin tan 2,750, aka jibge a tashar jiragen ruwan Beirut kusan shekara shida, har ya tashi ranar 4 ga Agusta, 2020, ya hallaka mutum fiye da 200.