Duka da Dariya: Abubuwan Mamaki a Finafinan Kunfu Masu Ƙaramin Jari

Wanda ya zuba ido sosai a fim ɗin Snake in the Eagle's Shadow na 1978 zai ga Jackie Chan yana faɗa da haƙoransa cif, can gaba kuma ya gan shi da giɓi. Ba aikin masu kwalliya ba ne. Hwang Jang-lee, gwanin takwando ɗan Koriya da ya fito a bos, shi ya sakar masa ƙafa da gaske har haƙori ya fita. A fim ɗin nan dai takobin da aka zaci dakusasshe ne ya tsarge masa hannu, jini na zuba, mai kyamara bai tsaya ba. Kamfanin da ya shirya fim ɗin, Seasonal, ƙarami ne, jarumin ma aro aka yo shi daga wani furodusa. Abin da suke da shi a wadace jikin ɗan'adam ne, da shi kuma suka ci kasuwa.

Mutuwa ce ta buɗe wannan ƙofa. Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yulin 1973 yana da shekara 32, a daidai lokacin da duniya ta fara haukarsa. Nan da nan ƙananan furodusoshin Hong Kong da Taiwan suka bazama neman duk saurayin da ya ɗan yi kama da shi. A yi masa irin askinsa, a ƙwama masa baƙin tabarau, a raɗa masa suna: Bruce Li, Bruce Le, Bruce Lai, Dragon Lee. A The Clones of Bruce Lee uku aka tara a fim ɗaya, labarin kuma ya ce wani masanin kimiyya ne ya ƙera su daga ƙwayoyin jikin marigayin.

Amma babu wanda ya kai The Dragon Lives Again na 1977. Bruce ya farka a duniyar matattu ta almarar Sinawa, ya ƙulla abota da Popeye na zanen yara, sannan ya shiga rigima da James Bond da Dracula da kaboyi mai kama da Clint Eastwood. Bruce Leung, wanda ya hau matsayin, ko kaɗan bai yi kama da Bruce Lee ba. Masu fim ba su damu ba, sai suka sa a cikin labarin cewa ai kamannin mutum kan sauya bayan ya mutu. Shekara 27 bayan haka, shi ne tsohon nan mai sanƙo da silifas na roba da ya fito a babban bos a Kung Fu Hustle.

Wanda ya fi kowa iya kwaikwayon Bruce kuwa shi ne wanda ya fi kowa rashin kama da shi. Sammo Hung, mai ƙiba da tumbi, ya taɓa karawa da Bruce na gaskiya a farkon Enter the Dragon. A 1978 ya yi Enter the Fat Dragon, inda ya fito a baƙauye mai kiwon aladu da ya shigo birni da son Bruce Lee a ransa, har ya lallasa wani mai kwaikwayon jabu a wurin ɗaukar fim saboda yana zubar wa gwaninsa mutunci.

Shi ma Jackie an so a mayar da shi Bruce. Lo Wei, daraktan fim ɗin Bruce mai suna Fist of Fury, ya sa shi a New Fist of Fury a 1976, yana muzurai yana ɗaure fuska, fim ya faɗi warwas. Na bayansa ma haka. Da Jackie ya gwada barkwanci a Half a Loaf of Kung Fu, Lo Wei ya kalla bai yi masa ba, ya jefa shi a ma'ajiya, bai fito da shi ba sai 1980 da ya ga yaron ya zama kadara. A tsakanin nan ne ya ba Ng See-yuen na kamfanin Seasonal aronsa na fim biyu. Na farko, wato Snake in the Eagle's Shadow, ya kawo kusan dalar Hong Kong miliyan 2.7, na biyu, wato Drunken Master, ya haura miliyan 6.7.

Dabarar da Jackie ya sha bayyanawa a hirarrakinsa ita ce juya duk abin da Bruce ya yi. Bruce ya ɗaga ƙafa sama, shi ya yi ƙasa da ita. Bruce ya kai naushi ya yi kururuwa, shi ya kai naushi ya yarfe hannu saboda zafi. A nan nake ganin sirrin waɗannan finafinai yake. Bruce Lee mutum ne da za ka yi sha'awarsa daga nesa, ka san ba za ka taɓa zama shi ba. Jarumin Snake in the Eagle's Shadow kuwa maraya ne mai goge daɓen makarantar kunfu, wanda malamai ke gwada duka a jikinsa don su burge 'ya'yan masu kuɗi. Yana jin yunwa, yana jin tsoro, in faɗa ya fi ƙarfinsa ya ari na kare. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ko ɗan koyo a gareji ya san wannan mutumin. Shi ya sa yaran da suka cika sinimar Plaza da Eldorado a Kano, da na gidajen kallo daga baya, ba su bukaci jin ko kalma ɗaya ba. Kowa ya san akta ba ya mutuwa, amma wannan aktan sai ya sha wuya tukuna, kuma wuyar tasa a fuska take.

Wuyar ba ta fim kawai ba ce. Yana da shekara 7 iyayensa suka damƙa shi ga Yu Jim-yuen, malamin makarantar wasan gargajiyar Sin a Hong Kong, bisa yarjejeniyar shekara 10. Tun asuba ake tashi, a yi ta alkafura da tsayuwa da hannu da waƙa har dare, ga sanda a hannun malam. Sammo Hung da Yuen Biao da Yuen Wah duk 'yan ɗakin nan ne. Da suka fito, wasan gargajiya ya daina ciyar da kowa, sai suka koma faɗuwa a finafinai ana biyan su kullum. A Enter the Dragon, Jackie na cikin 'yan korar bos, shi ne wanda Bruce ya damƙi gashinsa ya karya masa wuya. Mai son ganin abin da makarantar nan ta haifar ya dubi mai gidan haya da matarsa a Kung Fu Hustle: Yuen Wah, wanda ya riƙa yi wa Bruce Lee alkafura a madadinsa, da Yuen Qiu, 'yar makarantar ita ma, wadda ta daɗe da barin fim kafin mai fim ɗin, Stephen Chow, ya lallashe ta ta dawo.

Drunken Master rashin kunya ce babba a lokacinsa. Wong Fei-hung mutum ne na gaskiya, mai magani kuma malamin kunfu a kudancin Sin, ya rasu a 1925. Tun 1949 Kwan Tak-hing yake fitowa a matsayinsa, fim sama da 70, kullum dattijo mai kamun kai da nasiha. Sai ga shi an mayar da shi taƙadarin yaro mai cin abinci ya gudu bai biya ba. Tsohon mabaraci mai jan hanci da ya horar da shi, Yuen Siu-tien, mahaifin darakta ne. Ya shekara da yawa yana ƙananan fitowa, sai da ya kai 66 sunansa ya game duniya, ya rasu a Janairun 1979, wata uku kacal bayan fitar fim ɗin. Ɗan nasa, Yuen Woo-ping, shi ya tsara faɗan The Matrix a 1999. Akira Toriyama na Japan kuma ya faɗa da bakinsa cewa Drunken Master na cikin abin da ya sa shi zana Dragon Ball.

Yadda ake yin su ma abin kallo ne. A wancan zamani ba a ɗaukar murya a wurin aiki. A ɗauki hoto kurum, darakta na ihu, mota na wucewa, daga baya a shiga ɗaki a ɗora magana da Kantonis ko Mandarin ko Turanci. Jackie ya shekara fiye da goma yana tauraro mutanen Hong Kong na jin muryar wani a bakinsa, sai a Police Story 3 na 1992 suka ji tasa. Ƙarar naushi, da wannan "fuu" da hannun riga ke yi, duk a ɗaki ake haɗa su. Kyamara kuma akan rage mata gudu zuwa hoto 22 a daƙiƙa maimakon 24, in an haska sai faɗa ya ƙara sauri ba tare da ido ya gane ba. Ana barbaɗa hoda a takalmi da riga, ƙafa na sauka ƙura ta tashi, mai kallo ya ji dukan a jikinsa. Kiɗa kuwa, abin da ke cikin faifan shago shi ne na kowa. Lokacin da Jackie ke koyon salon maciji, kiɗan Bafaranshe Jean-Michel Jarre ne ke tashi.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Babu kuɗin fasa mota ko tayar da bam, don haka duk abin da hannu ya kai gare shi ya zama makami. A Fearless Hyena faɗan kan loma ɗaya ne, da tsinken cin abinci. A Dreadnaught, Yuen Biao ya koyi kunfu ne wajen matse wanki da shanya. A Return to the 36th Chamber an hana Gordon Liu shiga aji, aka ce ya ɗaura gorar gyaran gini, yana ɗauri yana leƙen masu atisaye, bai ankara ba ɗaurin gora ya zame masa salon faɗa. A The Magnificent Butcher, Kwan Tak-hing, yana da shekara sama da 70, ya kare kansa da alƙalamin rubutu bai fasa rubutunsa ba. Wanda na fi so shi ne Dirty Ho na Lau Kar-leung, inda mutum biyu ke neman ran juna a wurin ɗanɗana abin sha, suna murmushi suna yaba kofuna. Wannan ba ya samuwa da kuɗi, sai da tunani da atisaye. Lau ɗin nan kuwa mahaifinsa almajirin almajirin Wong Fei-hung ne, wato kunfu nasa gadon gida ne.

A 1985 Sammo Hung ya ɗauki nauyin Mr. Vampire, mai gawarwakin da ke tsalle hannu a miƙe. Maganinsu takarda rawaya a goshi da shinkafa mai danƙo, in kuma sun matso sai ka riƙe numfashi don da shi suke gane mutum. Ka ga katti sun toshe hanci fuska ta kumbura, tsoro da dariya a lokaci guda.

Ba duk mai araha ne abin yabo ba. Godfrey Ho da kamfanin IFD sun riƙa sayen tsofaffin finafinan Koriya da Taiwan da Tailan, su ɗauki 'yan mintuna na Turawa sanye da kayan ninja, su ɗinke su kamar tela mai haɗa ƙyallaye, su sa sabon suna. Da yake jaruman ɓangarorin biyu ba su taɓa haɗuwa ba, sai a haɗa su ta waya. A Ninja Terminator, Richard Harrison yana tattauna maganar kisa ta wayar tarho mai siffar magen nan Garfield. Ya zo Hong Kong ne don 'yan finafinai kaɗan, ya wayi gari fuskarsa na cikin tuli, ya kuma koka cewa abin ya ɓata masa suna. Ana dariya, amma dariyar da ba a nufa ba ce, kuma mai kallo aka cuta. Bambancin a fili yake: su Sammo kuɗi suka rasa, ba gumi ba.

Ɗora sabuwar magana a kan tsohon fim ya zama sana'a mai zaman kanta. A 1973 René Viénet a Faransa ya ɗauki wani fim ɗin faɗa na Hong Kong ya sauya muryoyin, 'yan kunfu suka koma muhawarar siyasa tsakanin talakawa da 'yan mulki suna dukan juna. A 2002 Steve Oedekerk a Amurka ya ɗauki Tiger and Crane Fists na 1976, ya cusa kansa a ciki da kwamfuta, ya yi kusan duk muryoyin da bakinsa, har ya yi dambe da saniya. Kung Pow ke nan, kuma an kashe masa kusan dala miliyan 10.

A unguwar Wakaliga ta birnin Kampala, Isaac Nabwana bai kashe ko dala 200 ba wajen yin nasa fim ɗin. Tsohon mai buga bulo ne, da kuɗin bulo ya kafa ɗakin aikinsa, da tarkace ya haɗa kwamfutar da yake tace hoto. Tun yana yaro yayansa ke dawowa daga gidan kallo ya ba shi labarin finafinan kunfu, su kuma yi ta gwada salon da suka gani a mujallun Sin. A 2010 ya fitar da Who Killed Captain Alex? Bindigogi na bututu da tsohon ƙarfe ne. Da farko jinin saniya suke zubawa, sai da wani ɗan wasa ya kamu da cuta suka koma launin abinci. A kan fim ɗin akwai muryar VJ Emmie, mai fassara yana tsokanar jarumai yana yi wa 'yan kallo ihu, abin da duk mai kallon Indiya-Hausa zai gane nan take. 'Yan wasan da kansu suke yawo gida-gida da faifai, su sayar cikin 'yan kwanaki kafin masu satar fasaha su riga su. Asalin fim ɗin babu shi yanzu, domin Nabwana ya goge shi daga kwamfuta don ya samu wurin ajiye na gaba, bai taɓa kawowa a ransa wani a wajen Yuganda zai nema ba. Kwafin faifai ne ya tsira, shi miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. A 2019 aka haska wani fim nasa, Crazy World, a bikin finafinai na Toronto.