Daddawar Bohicon da Furar Daura

A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa garin Bohicon na kudancin Jamhuriyar Benin cikin biranen da ta amince da su a fannin abinci. Abin da garin ya yi suna da shi kuwa wani kayan miya ne da suke kira afitin, wanda da kalwar ɗorawa ake yin sa, wato daddawar da ke cikin kowace tukunyar miyar kuka a Baure da Sandamu. Wannan tsari na UNESCO ya fara ne a 2004, Popayan ta Kolombiya ta zama ta farko a ɓangaren abinci a 2005, Bida kuma ta shiga a 2021 ta ƙofar sana'o'in hannu. Ashe ke nan ba sai babban birni ba, kuma a ganina Daura ta cancanci ta nema.

A dubi fura kaɗai. Mace ta surfa gero, ta daka shi da citta da kanumfari, ta dunƙula, ta dafa, ta kirɓa a turmi har ya yi danƙo, ta cura, sannan Bafulatana ta kawo kindirmo a dama a ƙwarya. Manomi da makiyayi da mai gyaran ƙwarya duk sun haɗu a ludayi guda. Masarautar Daura kuma tana da kasuwar dabbobi ta Mai'adua, tana kuma da baƙin da rijiyar Kusugu da Sallar Gani suke jawowa.

Wani zai ce fura ta dukan Hausawa ce. Gaskiya ne, amma daddawa ma ba ta Bohicon kaɗai ba ce. Abin da ake dubawa shi ne yadda gari yake raya sana'ar da masu yin ta. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsadar abinci: me suna zai tsinana wa mai neman kwanon gero? UNESCO ba ta raba kuɗi, wannan haka yake. Sai dai garin da ya shiga dole ya gabatar da tsarin aiki, ya riƙa ba da rahoto bayan kowace shekara 4. A Daura wannan na nufin ƙananan hukumomi da fada su san matan da ke wannan sana'a, su samar musu da ruwa mai tsabta da wurin adana nono, su kuma hana sare ɗorawa da kuka don itacen girki.