Dusa Ba Ta Awaki Kaɗai Ba Ce

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani abu da kowane gida yake da shi, amma ba mu ɗauke shi abinci ba, watau dusa. Daga Bagudo zuwa Zagga, daga Ka'oje zuwa Illo da Lolo har bakin iyakar Benin, ba gidan da ba a surfe. Mata su surfa gero da dawa, su bakace, su wanke, su kai wa awaki dusa da tsari. Akuya ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi. Maigida kuwa ya sha tsinkakken kunu ya tafi fadama, kafin hantsi gwiwarsa ta yi sanyi. Yara su tafi makaranta, tun ba a tashi tara ba suna hamma. To, me akuya take samu a cikin dusa wanda mu muka rasa?

ABIN DA WAƊANSU KE SAYE DA TSADA

A manyan kantuna na birni akwai gwangwanin Quaker Oats mai hoton wani dattijo da malafa. Abin da ke ciki wani irin hatsi ne da ake kira ot, wanda ake nomawa a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Rasha. A can har dusarsa ake ƙullawa dabam a sayar. Mutum ya tafasa ta da ruwa ko madara, ya sa zuma da kayan ƙanshi, ya karya kumallo da ita da zafinta. A 1997 hukumar kula da abinci ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwali cewa ot da dusarsa suna taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, saboda wani yauƙi da ke cikinsu mai rage kitsen da ke toshe hanyoyin jini.

Ot ba ya yi a ƙasarmu, gama zafi ya yi masa yawa. Wanda ke zuwa mana ta Legas ko ta Kwatano da kuɗin waje ake sayo shi, tun daga 2023 kuwa da darajar naira ta faɗi, ya fi ƙarfin aljihun manomi. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne dusar gero da ta dawa ba su da wancan yauƙi kamar ta ot, amma suna da nasu amfani mai yawa, kuma a bakin turminmu suke.

ME KE CIKIN DUSA?

Ƙwayar hatsi kashi uku ce. Akwai fatar da ta lulluɓe ta, akwai ɗan idon da tsiro ke fita daga gare shi, sa'an nan akwai farin gari a tsakiya. Farin garin yana ƙosarwa, yana ba da ƙarfin aiki. Amma yawancin mai, da bitamin, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, a cikin fatar da idon suke. Sa'ad da aka yi surfe mai tsanani, fata da ido su ne ke fita su zama dusa. Fatar kuma tana da wani kaushi da ciki ba ya narkarwa. Shi ke sa bayan gida ya yi laushi, shi ke sa abinci ya daɗe a ciki, mutum bai ji yunwa da wuri ba.

An daɗe da gane wannan. Wajen 1890 wani likita mutumin Holan, mai suna Aikman, yana aiki a tsibirin Jaba, a ƙasar da yau ake kira Indunusiya. A lokacin wata cuta da ake kira beriberi tana kashe mutane da yawa a can: ƙafafu su mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta kasa. Ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge sarai suna kamuwa da irin wannan ciwo, in an ba su shinkafa da dusarta kuwa sai su miƙe. A 1926 aka tsamo abin da ke warkar da su daga cikin dusar shinkafa, shi ne bitamin B1. A 1929 aka ba Aikman lambar yabo ta Nobel. Kada mu ce labarin nesa ne. A 1988 cutar nan ta ɓarke a karkarar Gambiya, nan Afirka ta Yamma, da damina, daidai lokacin da aiki ya yi yawa abinci kuma ya yi ƙaranci.

Abin ya shafe mu, domin abincinmu yana sakewa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi a 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Kwara, injunan casa da na surfe kuma suka yawaita. Inji ya hutar da mata, wannan abin godiya ne. Amma inji ya fi taɓarya goge hatsi. Tuwo ya ƙara fari, amfaninsa ya ragu. Abu guda da ke taimakonmu shi ne turara shinkafa kafin a casa, gama turarawa tana tura bitamin daga fata zuwa cikin ƙwaya. Kada mu bar wannan al'ada.

ABIN KUNYA NE?

Mun san abin da waɗansu za su ce. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun tuna lokacin da mutane suka ci dusa don ba yadda za su yi. Tun daga nan cin dusa ya zama alamar rumbu ya ƙare, ba kuwa mai so maƙwabta su ce gidan wane an koma ga abincin awaki.

Amma a lura da bambanci. A shekarun yunwa dusa zalla aka ci, tsohuwa, mai tsakuwa, ba komai a kanta. Abin da muke nufi a nan shi ne a mayar wa hatsi kaɗan daga abin da aka cire masa, da tsabta, a gyara shi da gyaɗa da kayan yaji har ya fi kunun yau da kullum daɗi. Ba kuma cewa muke a hana dabbobi ba. A gidaje da yawa kuɗin dusa na uwargida ne, da ita kuma take kiwon tunkiyarta. Abin da tukunyar safe ke bukata ɗan kaɗan ne, sauran na dabbobi ne kamar dā.

WACE DUSA ZA A CI?

Wannan shi ne wurin da ya fi bukatar hankali.

1. Dusar hatsin gidanka kaɗai, wanda ka san yadda aka shanya shi aka ajiye. Dusar kasuwa ta dabbobi ce. Ana zuba ta a ƙasa, tana daɗewa a buhu.

2. Kada a taɓa dusar hatsin da ya yi fumfuna, musamman masara. Fumfuna tana haifar da wani dafi mai suna afalatokzin, wanda ke lalata hanta. A fatar hatsi ya fi taruwa, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya saboda cin masara mai wannan dafi. Haka kuma a tsince gyaɗa, a zubar da ruɓaɓɓiya da ƙanƙanannu masu yaushi.

3. Dusar gero ta fi daɗi, sai ta farfara da ta kaura. Ta jar dawa takan yi bauri.

4. Ɓuntun shinkafa ba abinci ba ne. Ƙananan injunan ƙauye sukan haɗa ɓuntu da dusa wuri ɗaya, wannan ba a cin ta. In ana son dusar shinkafa, sai wadda ta fita a turmi a karo na biyu, bayan an bakace ɓuntu sarai. Ita ma a sa kaɗan.

YADDA AKE SHIRYA TA

Kafin surfe a tsince hatsin, a wanke shi, a rairaye tsakuwa. Da yake da yayyafin ruwa ake surfe, dusa takan fito da laima. A baza ta nan da nan a faifai ko tabarma mai tsabta, inda kaji ba za su kai ba, ta bushe a ranar. Dusa tana da mai, in an bar ta haka sai ta yi ɗaci da wari cikin 'yan kwanaki.

Sa'an nan a zuba ta a busasshen kasko, ba mai, a sa wuta kaɗan, a yi ta juyawa kamar ana suyar riɗi. In ƙanshi ya tashi, launinta ya ɗan yi ja, a sauke. Kada ta ƙone. Bayan ta huce a daka ta, a tankaɗe da rariya mai laushi, a ba dabbobi abin da ya rage a sama. A zuba garin a gwangwani ko kwalba mai murfi. A yi na mako guda kawai, musamman da damina.

KUNUN DUSA NA MUTUM SHIDA

Garin gero, gwangwanin madara 3
Soyayyiyar dusa, gwangwanin madara 1
Niƙaƙƙiyar gyaɗa, gwangwanin madara 1
Tsamiya, sili 4
Citta, kanumfari, da masoro, a daka
Ruwa, kamar lita 3
Zuma, ko mazarƙwaila, ko sukari kaɗan

Da dare a kwaɓa garin da dusar da ruwa, a ƙara ludayi guda na ruwan tsamin gasara in akwai, a rufe. Kada a tsallake wannan mataki. Akwai wani abu a cikin dusa mai riƙe sinadarin ƙarfe ya hana jiki samunsa, kwana cikin tsami kuwa yana rage ƙarfinsa. A jiƙa tsamiya a wani kwano dabam.

Da asuba a dama gyaɗa da ruwa, a ɗora a wuta tare da kayan yajin. In ya tafasa a riƙa zuba kwaɓin a hankali ana juyawa don kada ya yi gudaji. A nan aka bambanta da kunun da muka saba, wanda ake sheƙa tafasasshen ruwa a gasara a ce an gama. Dusa tana son wuta. A bar ta ta dahu kamar minti goma, ana motsawa. A sauke, a tace ruwan tsamiya a zuba, a sa abin zaƙi, a sha da ɗumi.

A yi da tsamiya, kada a yi da kanwa, gama kanwa tana lalata bitamin B1 ɗin da muke nema. Wanda ke kusa da ruga ya sa nono bayan an sauke. Garin 'ya'yan kuka ma yana ƙara daɗi, yana kuma taimakon jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka a bar shi sai an jima.

Wanda ba ya son zaƙi da safe sai ya yi fate. A dafa tsaki kashi uku da dusa kashi ɗaya, a sa albasa, da daddawa, da zogale, da garin ƙuli-ƙuli, da ɗan busasshen kifin Kwara. Masunci ko mai ban ruwa da ya ci wannan da sanyin hunturu zai kai azahar bai nemi komai ba. A yi amfani da gishiri mai aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun 1993. Wannan yana da muhimmanci ga masu cin gero kullum, domin a wuraren da aidin ya yi ƙaranci an ga yawan cin gero yana ƙara maƙoƙo.

WA ZAI SHA?

Manya da 'yan makaranta. Tsofaffi masu fama da taurin ciki da basir za su ji daɗinsa. Wanda bai saba ba ya fara da rabin awon dusar, ya kuma sha ruwa sosai, in ba haka ba ciki zai yi ta kumburi. Mai ciwon sukari ya bar zuma da sukari, kada kuma ya daina maganin da likita ya ba shi. Kunu abinci ne, ba magani ba.

Kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Cikinsa ƙarami ne, dusa za ta cika shi bai sami abin da zai gina jikinsa ba. Jariri nonon uwa kaɗai har wata shida, daga nan a ƙara masa kunu mai kauri, tatacce, da gyaɗa ko waken suya, ana ci gaba da shayarwa.

AIKIN ƘUNGIYA

Gani ya kori ji. A taronku na gaba a zaɓi mata biyu su dama kunun nan a gaban kowa, a ɗanɗana. Ƙungiyar da take da injin niƙa ta shawarci mai kula da shi ya riƙa sassauta surfe ga wanda ya nema, ya kuma tara wa kowa dusarsa a cikin kwanonsa, ba a ƙasa ba. Waɗanda ke da 'yan'uwa a hayin Segbana da Malanbil su kai musu labari in sun je kasuwa, gama geronmu da nasu ɗaya ne, turminmu ma ɗaya.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna:

1. Me mutanen gidanka suka ci yau kafin su fita aiki, ƙarfe nawa kuma suka fara jin yunwa?
2. Nawa gidanka ke kashewa a mako wajen burodi da shayi, nawa kuma kunun nan zai ci?
3. Yaya za mu shanya hatsinmu mu ajiye shi har mu amince da dusarsa?

Ku gwada na wata guda, sa'an nan sakataren ƙungiya ya rubuto mana abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.