Ɗurin Bindiga Sai Da Awo

Da kaka ta wuce, an kai amfanin gona gida, sai mu ga maharba sun fito a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Wasu su bi bakin kogin Karaduwa wajen madatsar ruwa ta Zobe, suna neman zabin daji da makwarwa da zomo, wani sa'in har gada. Galibinsu bindigar toka suke riƙe da ita, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A Turance ana kiranta da sunan mutanen ƙasar Denmak, domin 'yan kasuwarsu ne suka riƙa kawo irinta bakin tekun Afirka ta Yamma a zamanin da.

Bindiga abar amfani ce, amma ba ta san mai ita ba. Sau da yawa mukan ji an ce ta fashe a hannun wane, ya rasa yatsu ko ido. To, bari mu duba dalili.

In wuta ta taɓa albarushi, sai ya ƙone nan take, ya zama iska mai zafi da ƙarfi ƙwarai. Iskar nan tana neman mafita. In hanya a buɗe take, sai ta tunkuɗa harsashi ya fita ta baki. In kuwa ƙarfinta ya fi ƙarfin bututun, ko hanya ta toshe, sai ta tsaga ƙarfen. Fuskar maharbi da hannunsa su ne kusa.

A Amurka akwai maharba masu ɗura harsashinsu da kansu, don harbin wata dabba mai kama da barewa. Harsashin irin bindigarsu, kamar wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1925, yana cin kusan mita 900 cikin sakan ɗaya. Kafin dabba ta ji ƙara, ya riga ya iso ta. Mutanen nan ba sa ɗuri da ka. Suna auna albarushi a kan ɗan ƙaramin sikeli, da wani awo wanda sai an tara 7,000 kafin a sami laba ɗaya. Kowane awo a rubuce yake cikin littafi, ba sa kuma wuce shi. Bindigarsu ta ƙarfe mai kyau ce, an jarraba ta a masana'anta, amma duk da haka suna tsoronta. Ina ga tamu, wadda maƙeri yakan yi da bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota?

Albarushi iri biyu ne. Akwai baƙi mai hayaƙi, wanda mutanen Sin suka gano fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Shi ne na bindigar toka. Akwai kuma marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa a 1884. Shi ne cikin harsashin soja da na 'yan sanda. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Wanda ya fasa irin wannan harsashi ya zuba garin cikin bindigar toka, ya haƙa wa kansa rami.

Ga abubuwan da ya kamata mu kiyaye:

1. Kada mu ƙara albarushi don naman ya yi nisa. Garin neman gira akan rasa ido.

2. Mu yi alama jikin sandar ɗuri lokacin da bindiga ba kome cikinta. Da mun zura sanda za mu gane ko a ɗure take. Ɗuri kan ɗuri yakan fasa bindiga.

3. Mu tabbata harsashi ya zauna kan albarushi, ba fili tsakaninsu.

4. In bakin bindiga ya caki ƙasa ko laka, kada mu harba sai mun share.

5. Kada mu zuba albarushi kai tsaye daga gora bayan harbi. Wataƙila da sauran wuta a ciki. Mu dakata, mu zuba da ɗan ma'auni.

6. In mun ja kunama ba ta tashi ba, kada mu leƙa bakinta. Mu riƙe ta tana duban inda ba mutum, mu jira. Takan tashi daga baya.

7. Mu wanke bututu ran da muka yi harbi, mu shafa mai. Tokar albarushi tana jawo laima, tsatsa ta ci ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani.

Sai maganar dalma. Dalma guba ce. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Zamfara, maƙwabtanmu, saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Saboda haka kada mu narka dalma a ɗaki ko kusa da yara, kada kuma mu yi da tukunyar abinci. Mu yanke naman da ke gefen raunin harbi mu binne.

Hukuma ma tana da magana. Dokar bindigogi ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon hana riƙe bindigar toka sai da lasisi. Wanda yake shakka, ya tambayi mai gari ko Sarkin Baka, ko ya je ofishin 'yan sanda.

In mun dawo gida, mu ajiye bindiga ba ɗuri, albarushi kuwa wuri dabam, nesa da murhu da hannun yara. Rigakafi ya fi magani.