Shin Ko Kun San? Abin da Ke Fito da Jama'a Ranar Zaɓe

Shin ko kun san a Ostireliya wanda ya ƙi zuwa rumfar zaɓe ba uzuri, tarar dala 20 ke jiransa? A zaɓen 1922 waɗanda suka fito ba su kai kashi 60 cikin ɗari ba. Aka kafa dokar tilas a 1924, sai ga shi a 1925 sun haura kashi 90. Beljiyam ta riga ta, tun 1893.

Ko kun san manoma ne sanadin da Amurkawa ke zaɓe ranar Talata? Dokar 1845 ce ta tsayar da ranar: Lahadi ana coci, Litinin ana hanya a keken doki, Laraba kuma kasuwa ke ci. Keken doki ya kau, Talatar tana nan, ma'aikata da dama kuma suna bakin aiki. Koriya ta Kudu hutu take bayarwa.

Na Indiya ya fi ratsa ni. Ƙa'idar hukumar zaɓensu ita ce kada mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2. Saboda haka jami'ai kan kutsa dajin Gir na jihar Gujarat, inda zakuna ke yawo, su kafa rumfa domin mutum ɗaya tak, mai kula da wani wurin bauta. Wanda aka bi shi har daji da akwati ya san ana ganin girman ƙuri'arsa.

A Gambiya ɗan ƙwallon gilashi ake jefawa cikin gangar ɗan takara, don haka rashin karatu ba ya hana kowa. A 2021 kashi 89 suka fito.

Amma sauƙin hanya ba ya wadatarwa idan zuciya ta yi sanyi. A Tunisiya, bayan Shugaba Kais Saied ya rushe majalisa, manyan jam'iyyu suka ƙaurace wa zaɓen Disamba 2022, kashi 11 kacal suka leƙa rumfa.

Gida Najeriya fa? A 2003 kashi 69 suka yi zaɓen shugaban ƙasa. A 2023, ga ƙarancin takardun naira, ga wahalar mai, ga wanda ya yi rajista a garinsu ba kuɗin mota, adadin ya faɗo kashi 27. Cikin mutum sama da miliyan 93 masu rajista, kimanin miliyan 25 ne suka dangwala.