Annobar Korona da Tallafin Masu Fasaha: Darasi ga Ƙasar Kano

Gabatarwa

Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa malaman makaranta da dattawa yadda annobar korona ta shafi makaɗa da sauran masu fasaha, da hanyoyin da aka bi aka tallafa musu, da kuma dalilin da ya sa tallafin ya yi wa namu na gargajiya wuyar samu.

Yadda Abincin Mai Fasaha Yake

A ƙasar Hausa, abincin mai fasaha yana cikin taro. Makaɗan fada, masu tambari da kakaki da algaita, sun dogara ga sarki da hakimai, kuma babbar kakarsu ita ce hawan salla. Makaɗan jama'a, kamar masu kalangu da mata masu kiɗan ƙwarya, suna samu ne a wajen biki da suna ta hanyar liƙi da kyauta. Haka dukawa masu kayan doki da marinan Ƙofar Mata, kasuwarsu tana buɗewa ne idan salla ko biki ya ƙarato.

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas, sannan a Kano ranar 11 ga Afrilu. A cikin wannan wata aka kulle gari, ba a kuma janye dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. A shekarar ba a yi hawan salla ba, ƙarama da babba. An dakatar da taron biki, masu shirya finafinai su ma suka ajiye aiki.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe yana da tasa hanyar tara gudummawa tun kaka da kakanni. Idan makaɗi ya shiga matsi, sai ya kira ajo, iyayen gidansa da abokan arziki su hallara su yi masa liƙi. To amma ajo shi ma taro ne. Ke nan annobar ta toshe sana'ar, ta kuma toshe hanyar ceton mai sana'ar a lokaci guda.

Yadda Aka Yi a Wasu Ƙasashe

A wasu ƙasashen an bi hanyoyi uku: kiraye-kiraye ga hukuma, da tallafin gwamnati, da gudummawar jama'a. A Amurka, masu gidajen wasanni sun kafa ƙungiya a watan Afrilu, 2020, suka yi ta kai kuka ga 'yan majalisa, har aka ware musu dala biliyan 15 a watan Disamba. Gwamnatin Birtaniya ta sanar da asusun fam biliyan 1.57 a watan Yuli domin gidajen tarihi da na wasanni, Jamus kuma ta fara da yuro biliyan 1. Ta fannin jama'a, kamfanin Bandcamp mai sayar da waƙoƙi ta intanet ya ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa, kuɗin ya tafi ga mawaƙa. Hukumar UNESCO ita ma ta ƙaddamar da shirin ResiliArt ranar 15 ga Afrilu, 2020, domin jin koken masu fasaha.

Mai karatu zai ga cewa duk waɗannan sun ginu ne a kan abu ɗaya. Akwai ƙungiya mai rajista, akwai sunaye a rubuce, akwai lissafin asarar da aka yi. Da takarda suka tunkari hukuma.

Abin da Aka Yi a Nijeriya

A watan Mayu, 2020, Ministan Yaɗa Labarai da Al'adu na wancan lokaci, Alhaji Lai Mohammed, ya kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba domin ba da shawara kan farfaɗo da sana'o'in fasaha. Babban Bankin Nijeriya ya ware rancen naira biliyan 50 ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta fito da asusun naira biliyan 75, wanda a cikinsa aka tanadi naira 30,000 sau ɗaya ga kowane mai sana'ar hannu da ya dace.

Wanda duk ya yi aikin gwamnati kamar yadda na yi ya san kuɗin hukuma ba ya fita sai da shaida. Ana bukatar asusun banki da lambar BVN, sau da yawa kuma a cike takarda ta intanet. Tsohon mabushin da ya gaji algaita daga kakansa, kowa ya san shi a fada, amma fayil bai san shi ba.

Abin da Ke Cikin Haɗari

Asarar ba ta tsaya ga abincin rana ɗaya ba. Take da kirari da tarihin sarauta suna cikin kan waɗannan mutane ne, kuma yaro yana koyonsu ta bin ubangidansa wajen wasa. Idan yunwa ta tura yaron wata sana'a, da wuya ya dawo. A watan Disamba, 2024, UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada. Wannan daraja tana kan wuyan mabusa da makaɗa da dukawa.

Kammalawa

Shawarata ita ce a yi rajistar masu fasahar gargajiya gunduma-gunduma, ta hannun sarakunan sana'a kamar Sarkin Makaɗa da Sarkin Dukawa, domin su suka san mutanensu. A taimaka musu su buɗe asusun banki. A kafa gidauniya mai amintattu, wadda gwamnati da attajirai za su riƙa zuba wa kuɗi lokacin da ake zaune lafiya. Malamai kuma su sa ɗalibai su rubuta sunaye da tarihin masu fasahar garinsu, su gayyace su makaranta, a kuma sallame su da abin kirki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mu daga annoba, amin.