Abin da ya kamata ku sani game da na'urar rubutu ta makafi

Idan ka ga makaho a aji ko a ofis da wata 'yar na'ura a cinyarsa, girmanta bai wuce na littafi ba, yana danna maɓallai yana kuma shafa gefenta da yatsa, to rubutu yake yi yana karanta abin da ya rubuta. Kwamfuta ce ƙarama wadda galibi ba ta da gilashin kallo, domin yatsa ake yi wa ita, ba ido ba.

Tushenta shi ne rubutun Braille, wanda Louis Braille, ɗan ƙasar Faransa da ya makance tun yana yaro, ya tsara a 1824 yana ɗan shekara 15. Kowane harafi ana gina shi da ɗigo masu tudu waɗanda ba su wuce shida ba, kuma daga waɗannan ɗigo shida ake samun siffofi 63. A da, ana huda takarda ne da tsinke a kan allo, daga dama zuwa hagu, sai an juya takardar kafin a karanta. A 1951 keken rubutu na Perkins ya fito, amma yana da nauyi da ƙara. Sai a 1987 wani injiniya a Amurka, Deane Blazie, ya fitar da Braille 'n Speak, na'urar da ake iya ɗauka a hannu, tana karanto wa mai ita abin da ya rubuta da murya.

Na'urorin yau, irin su BrailleNote da BrailleSense, suna da maɓallai shida na ɗigo, waɗanda ake dannawa lokaci guda a fitar da harafi. A ƙasansu akwai layi mai gurabe 18, 20 ko 32, ya danganta da samfurin. A kowane gurbi akwai 'yan sanduna sirara da ke tasowa su koma da ƙarfin lantarki. Da mutum ya gama shafa layi, sai ya danna, layin ya sauya zuwa na gaba.

Amfaninta ya fi bayyana a ƙananan al'amuran yau da kullum. Ɗalibi zai rubuta darasi yayin da malami ke magana, ya tura aikinsa malamin ya karanta a harafin boko. Ɗan kasuwa zai ajiye lissafin masu bashi ba tare da ya dogara ga ɗan jagora ba. Idan aka haɗa ta da waya ta Bluetooth, mutum zai karanta saƙon banki ko na iyalinsa shiru, ba tare da kowa ya ji sirrinsa ba. Nan ne ta fi wayar da ke magana: kunne yana jin kalma ne kawai, amma yatsa yana sanin yadda aka rubuta ta, da inda aya da waƙafi suke.

Sai dai akwai tsada. Manyan samfura suna kaiwa dubban daloli. Orbit Reader 20, wadda aka ƙera musamman don rage farashi, tana cikin ɗaruruwan daloli. Ƙura ma abokiyar gabarta ce, domin tana maƙale 'yan sandunan, don haka a lokacin hunturu a riƙa rufe ta, a kuma taɓa ta da hannu mai tsabta. Ga kuma batun caji inda wuta ba ta tsayawa.

Abu mafi muhimmanci shi ne, na'urar ba ta da amfani ga wanda bai iya Braille ba. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana koyar da shi tun 1953, kuma akwai makarantun masu buƙata ta musamman a jihohi da dama. Duk mai yaron da ba ya gani, ya fara kai shi makaranta ya koyi ɗigon nan shida tun yatsunsa suna da laushi.